Kundin gyaran a-kori-kura: neman dalilin baƙin hayaƙi da yawan shan mai

Asabar, 16 ga Nuwamba, 2024

Motar a-kori-kura ce ƙirar Toyota ta 1993, wadda aka shigo da ita daga Amurka, ta kuma ratsa hannun mutane da dama kafin ta zo hannuna. Injinta 22R-E ne mai silinda huɗu da girman lita 2.4, kuma ba kafireto gare shi ba, nozul ne ke fesa mai bisa umarnin kwamfutar motar, wadda makanikai ke kira biren-bos. Aikinta shi ne ɗauko hatsi daga wajen Bichi zuwa kasuwar Dawanau, kuma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kowace lita ta zama abin lissafi, balle a Nuwamban 2024 da farashinta ya haura naira 1,000.

Alamun da take nunawa su ne baƙin hayaƙi daga salansa idan an taka totur, warin ɗanyen fetur da ke sa ido ruwa idan tana silo, da kuma wahalar tashi idan an kashe ta da zafinta aka dawo bayan ɗan lokaci. Launin hayaƙin yana da muhimmanci, domin shuɗi baƙin mai yake nunawa, fari mai kauri ruwa ne ke shiga silinda, baƙi kuwa fetur ne da ya fi ƙarfin iskar da za ta ƙone shi. Injin fetur yana bukatar nauyin iska ya ninka na mai sau 14.7 kafin ƙonewa ta cika, man da ya wuce wannan kason kuma toka yake zama.

Kafin a taɓa komai na cika tanki har baki, na yi aiki da ita kamar kullum, sannan na sake cikawa a famfo ɗaya. Mitarta da mil take ƙirga tafiya, ta nuna mil 112, wato kilomita 180, ta kuma sha lita 38. Kilomita 4.7 ke nan a kowace lita. Da wannan adadi zan riƙa gwada duk gyaran da aka yi.

Litinin, 18 ga Nuwamba

An kwance fulogi huɗun, dukkansu baƙi ƙirin da busasshiyar toka. Da ɗaya ne kawai ya yi baƙi, da sai a zargi nozul ɗinsa ko wayarsa, amma tunda duka ne, abin da ke jawo matsalar ya shafi injin gaba ɗaya. Sandar auna baƙin mai ta nuna ya haura alamar cika, ya tsinke, yana kuma warin fetur, wanda ke nufin man da bai ƙone ba yana wanke jikin silinda yana gangarawa ƙasa. Ban yarda motar ta ci gaba da aiki a haka ba, don haka aka juye shi aka sa sabo da filtarsa a kan naira 24,000, ko da yake na san za a sake juyewa idan an kammala gyara.

Wani yaron gareji ya kawo na'urar binciken da ake jonawa a ƙarƙashin sitiyari, sai dai wannan motar ta girmi tsarin, domin sai daga 1996 ya zama dole a kan motocin Amurka. Ita tata hanyar ita ce a buɗe ƙaramin akwatin bincike da ke cikin bonet, a haɗa ramukan soket ɗinsa biyu masu suna TE1 da E1 da guntuwar waya, a murɗa makulli ba tare da an tayar da injin ba, sannan a ƙirga ƙiftawar wutar cek, wato fitilar gargaɗin inji da ke gaban direba, domin ƙiftawar ce ke ba da lambar matsalar. Wutar ba ta kama ba ko kaɗan. Da aka ciro allon mita sai aka tarar babu ƙwai a gurbin, wani ya zare shi tuntuni, watakila domin kada mai saye ya ga tana ci. Da aka sa ƙwai na naira 500 sai ta ba da lamba 21 da lamba 51. Ta farko ta shafi sensar iskar oksijin da ke jikin salansa, ta biyu kuma tana nufin kwamfuta ba ta ganin totur a rufe alhali babu ƙafa a kansa.

Laraba, 20 ga Nuwamba

Filtar iska ta toshe da ƙurar hunturu, an sauya ta, naira 6,000. Ban sa ran wani babban canji ba, domin injin da ke auna iskar da ta shiga ba ya ruɗewa da toshewar filta kamar mai kafireto. Hayaƙin yana nan.

An daidaita sensar totur da ma'aunin tazara. Ƙa'idar Toyota ita ce, idan an sa ma'auni mai kaurin milimita 0.57 tsakanin sukurun tsayawa da hannun totur, dole a samu wuta tana wucewa tsakanin haƙoran sensar masu suna IDL da E2, idan kuma aka sa mai 0.85 ta yanke. An zare fis ɗin EFI, wanda ke ba kwamfuta wuta, na ɗan lokaci domin goge tsofaffin lambobi, lamba 51 ta tafi. Wannan gyara bai ci ko kwabo ba, amma ya dawo da abu guda mai amfani: kwamfuta tana yanke mai gaba ɗaya idan an ɗage ƙafa mota tana gangara, kuma ba ta iya yin haka sai ta san totur a rufe yake.

Asabar, 23 ga Nuwamba

Yau an auna matsin mai da gejin da aka yi haya a kan naira 3,000. Bakaniken ya so a wuce wannan mataki. Ya ce, "Alhaji, a sauya nozul huɗun kawai a huta." Na ce masa, "Oga, bari mu ga abin da geji zai faɗa tukuna, nozul huɗu ba kuɗi kaɗan ba ne."

Da aka haɗa ramukan +B da FP na akwatin bincike domin famfon mai ya yi aiki injin yana kashe, geji ya tsaya a 42, wanda ke cikin ƙa'idar 38 zuwa 44 na ma'aunin psi. Amma da aka tayar da injin ya kamata matsin ya sauko zuwa tsakanin 33 da 37, saboda zuƙar manifol, bututun da ke kai iska silinda, tana jan fatar da ke cikin regileta mai daidaita matsin mai ta siririn tiyo, sai ya ƙi motsawa daga 42. Da aka bi tiyon sai aka ga ya tsage a tsakiya, wani kuma ya cusa sukuru a ɓangaren manifol domin ya hana shan iska, ya bar regileta haka nan. Ma'anar haka ita ce, duk lokacin da motar take silo ko tafiya a hankali, nozul suna fesawa da matsin da ya dace da cikakken totur. Sabon tiyo naira 1,500, matsin ya sauko 35. Babu fetur a cikin bakin regileta, don haka fatarsa ba ta fashe ba.

Abu na biyu ya fito ne bayan an kashe injin. Ya kamata matsin ya tsaya a 21 ko fiye har tsawon minti biyar, amma allurar ta faɗi ƙasa tun kafin lokacin ya yi nisa. An matse tiyon da ke mayar da mai tanki, ba ta daina faɗuwa ba, aka matse na zuwa daga famfo, haka nan. Ke nan yoyon yana cikin injin ne. Wannan injin yana da nozul na biyar a jikin babban tulun manifol, wanda aikinsa ƙarin mai ne na 'yan daƙiƙu lokacin da ake kik da sanyin safiya. An kwance ƙusoshinsa biyu, aka riƙe bakinsa a cikin gwangwani, aka kunna famfo, sai ga shi yana ɗiga ba ƙaƙƙautawa, alhali abin da aka yarda da shi bai wuce ɗigo ɗaya a minti ba. Wannan ne ya bayyana wahalar tashi da zafi, domin man yana taruwa a manifol bayan an kashe mota.

Talata, 26 ga Nuwamba

Bakaniken ya ba da shawarar a toshe nozul ɗin a manta da shi, tunda Kano ba ƙasar ƙanƙara ba ce. Shawarar ba ta rasa hujja ba, amma motar takan kwana a gona a tsakiyar hunturu, kuma ba na son a riƙa jan kik har batir ya mutu. Na samo na hannu a kasuwar Ƙofar Ruwa a kan naira 15,000, aka gwada shi kafin a ɗaura, bai ɗiga ba. Wasan jan ƙarfe da ke gefe biyu na ƙusar bututun mai ba a maimaita su, an sa sababbi na naira 500, aka kuma duba wurin sosai famfo yana aiki, domin yoyon fetur a kan inji mai zafi gobara ce.

Asabar, 30 ga Nuwamba

Gwajin tanki: mil 118, wato kilomita 190, da lita 31. Kilomita 6.1 a lita. Tana tashi da zafi nan take, amma hayaƙin bai ƙare ba.

Laraba, 4 ga Disamba

Allurar zafi ba ta taɓa wuce alamar farko ba, ko da kaya ko babu, kuma duk direbobin da suka tuƙa motar yabonta suke yi a kan haka. Ni kuwa wannan sanyin ne ya fara damuna, domin kwamfuta tana ƙara wa inji mai muddin tana ganin bai ɗumama ba, kamar yadda ake jan cok a babur da safe, ba ta kuma sauraron sensar salansa sai ya yi zafi.

Da aka buɗe gidan tamostat, wato bawul ɗin da ke tare ruwa har inji ya ɗumama, babu komai a ciki. Kulochin fanka ma an huda shi an ɗaure da ƙusoshi, ta yadda fankar ke juyawa da cikakken ƙarfi tun daga tashin injin. Wannan al'ada ta zama ruwan dare a garejinmu, kuma hujjar da ake bayarwa ita ce tamostat na ƙasashen sanyi ne. Gaskiyar magana ita ce aikinsa riƙe injin a kan zafin da aka ƙera shi ya yi aiki, a Kano ne ko a ko'ina, kuma injin da ke da kwamfuta ya fi mai kafireto cutuwa da rashinsa.

Sensar da ke gaya wa kwamfuta zafin ruwa daban take da wadda ke motsa allurar gaban direba. Mai waya biyu ce da koren soket, a gaban manifol. An ciro ta aka sa a tukunyar ruwa tare da ma'aunin zafi. Turjiyarta ga lantarki, wadda ake aunawa da om, tana raguwa ne yayin da zafi ke ƙaruwa: tsakanin om 2,000 da 3,000 a digiri 20, tsakanin 900 da 1,300 a digiri 40, tsakanin 400 da 700 a digiri 60, sannan tsakanin 200 da 400 a digiri 80. Ta bi wannan ƙa'ida daidai, don haka lafiyarta lau. Amma da aka mayar da ita aka auna daga bakin soket ɗin kwamfuta, sai aka samu ƙarin kusan om 600 da ba nata ba. Haƙoran soket ɗinta sun yi koren tsatsa. Lissafin a fili yake: ruwan injin yana tsayawa wajen digiri 60 saboda rashin tamostat, tsatsar kuma ta sa kwamfuta tana karanta shi kamar 40. Ba ta ba da lamba 22, wadda ta shafi wannan sensar, ba domin sai waya ta yanke ko ta haɗe take ƙorafi, adadin da ya yi kama da gaskiya kuwa karɓa take yi.

An yanke soket ɗin aka jona wani da dalma, naira 2,000. Tamostat ana samun mai buɗewa a digiri 82 da mai 88, na zaɓi na farko saboda zafin Maris da Afrilu, shi da gasket naira 14,000. An sa shi da ƙaramar ƙofar fitar iskarsa a sama.

Asabar, 7 ga Disamba

An samu koma baya. Motar ta ɗauko buhunan dawa, tana kan hanyar dawowa da rana, sai allura ta fara hawa a hankali har ta doshi ja. Direba ya sauka gefen titi ya kashe ta, bai kuma buɗe murfin lagireto da zafinsa ba, wanda na gode masa a kai. Sai da ta huce aka ƙara ruwa aka lallaɓo da ita gareji.

Bakaniken ya tarbe ni da cewa, "Ai na faɗa maka, Alhaji, tamostat ba na ƙasar nan ba ne." Na roƙe shi kada ya cire sai mun duba. An tayar da injin har ya yi zafi, aka kashe, aka bi fuskar lagireto da tafin hannu: gefe da gefe da zafi, tsakiya kuwa, daidai inda fanka ke ja, sanyi ƙalau. Bututun tsakiya sun toshe ke nan. Tamostat ɗin da aka ciro aka tafasa ya buɗe a kan lokacinsa. Abin da na fahimta shi ne lagireton ya daɗe da toshewa saboda ruwan rijiya da na burtsatse da aka yi shekaru ana ɗura masa, wanda ke barin farin dutse da tsatsa, kuma maimakon a wanke shi sai aka cire tamostat aka ɗaure fanka domin a ɓoye matsalar. Sanyin da ake yabo da man fetur ake biyansa.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne gasket ɗin kan injin, domin kan 22R-E na alminiyom ne, yana kuma iya lanƙwasa idan ya sha zafi. An duba: babu kumfa a bakin lagireto injin yana aiki, baƙin mai bai koma ruwan madara ba, ruwa kuma ba ya raguwa. Da alama an tsaya da wuri.

Litinin, 9 ga Disamba

Mai gyaran lagireto ya buɗe tankin sama ya zura siririn ƙarfe a kowane bututu, ya ce fiye da rabinsu ba sa wucewa. Aikinsa naira 12,000. Robar murfin ta tsage, an sayi sabo mai lamba 0.9 a kan naira 3,500, domin murfin da ba ya riƙe matsi yana sa ruwa tafasa da wuri. Kulochin fanka na hannu naira 18,000, ruwan sanyaya inji na gaskiya naira 9,000. An ɗaga gaban motar aka bar ta tana silo babu murfi har iska ta gama fita.

Alhamis, 12 ga Disamba

An maimaita hanyar da kaya. Allura ta hau zuwa ƙasa da tsakiya kaɗan ta tsaya a nan.

Talata, 17 ga Disamba

Na jinkirta maganar lamba 21 da gangan, domin sabuwar sensar oksijin da aka ɗaura a kan injin da ke tofar da toka ba za ta daɗe ba. Wayoyin tsohuwar a yanke suke tun lokacin da aka cire tukunyar tace hayaƙi aka yi wa salansa walda, ita kanta kuma toka ta rufe bakinta. Sabuwa mai hita a ciki ta ci naira 35,000, wanda shi ne abu mafi tsada a aikin. Rewaya ya jona wayoyin ya ɗaure su nesa da salansa.

Lafiyayyar sensa a kan lafiyayyen inji tana kai da kawowa tsakanin bolt 0.1 da 0.9, ƙasa idan mai ya yi kaɗan, sama idan ya yi yawa. Tamu ta manne a wajen 0.9. Da aka zare wani tiyon manifol domin ƙarin iska ta shiga sai ta faɗo nan take, wanda ya tabbatar da cewa ita tana aiki, injin ne har yanzu yake samun mai fiye da abin da kwamfuta za ta iya ragewa.

Asabar, 21 ga Disamba

Abin da ya rage shi ne ma'aunin iska da ke kan akwatin filta. Irin na wannan injin ƙofa ce a ciki wadda iska ke turawa, sifirin kuma yana mayar da ita, kwamfuta tana lissafa mai gwargwadon buɗewar ƙofar. Baƙin murfin samansa ya kamata ya kasance a liƙe tun daga kamfani, namu kuwa an yanke shi an mayar da gam. A ciki akwai faifai mai haƙora da ke riƙe ƙarfin sifirin, kuma sawun maƙallinsa na asali yana nan a fili, haƙori biyar daga inda yake yanzu, ta ɓangaren sassautawa. Sifirin da aka sassauta yana barin ƙofar ta buɗe fiye da iskar da ta shiga, kwamfuta kuma ta ba da man iskar da babu ita. Ina zaton an yi haka ne lokacin da tiyon nan ya tsage motar tana mutuwa a silo.

Na hana yaron gareji kwance sukuru biyun da ke riƙe soket ɗin ma'aunin, domin janye shi yana tsinke siraran wayoyin ciki, ƙaramar wayar maƙalli kawai ake ɗagawa a zare filogin. An riƙe faifan da yatsa domin kada sifirin ya warware, aka riƙa mayar da shi haƙori ɗaya bayan ɗaya ana kallon mitar da ke auna bolt ɗin sensar oksijin. A haƙori na huɗu allura ta fara lilo, a na biyar lilon ya daidaita a silo da kuma a juyin inji 2,500 a minti. An tsaya a kan sawun asali aka liƙe murfin da silikon domin ƙura.

Daga nan aka saita taimin a digiri 5 kafin fistin ya kai ƙololuwa, TE1 da E1 suna haɗe, aka sa sababbin fulogi masu tazarar milimita 0.8 a kan naira 10,000, aka sake juye baƙin mai, naira 24,000.

Asabar, 28 ga Disamba

Babu hayaƙi, babu wari, wutar cek tana ƙiftawa a jere ba tare da lamba ba. Fulogin da aka ciro don dubawa ya yi launin ƙasa-ƙasa.

Litinin, 6 ga Janairu, 2025

Gwajin tanki a hanya ɗaya da kaya irin na farko: mil 130, wato kilomita 209, da lita 25. Kilomita 8.4 a lita. Idan aka ɗauki lita a naira 1,000, kowane kilomita ya sauko daga naira 213 zuwa 119. Jimillar abin da aka kashe, har da ladan bakanike da rewaya naira 25,000, ta kama naira 203,000, wadda rarar mai za ta mayar a cikin tafiyar kusan kilomita 2,200. Nozul huɗun ba a taɓa su ba.

Yanzu da silo ya lafa ana jin wata 'yar ƙara daga gaban injin a daƙiƙun farko na tashin safe. Wannan injin an san shi da karyewar robobin da ke riƙe sarƙar taimin, idan kuma aka bar sarƙar tana dukan murfi takan ci shi har ta huda hanyar ruwa. Ranar Asabar za a buɗe murfin bawul a haska fitila a duba robar ɓangaren direba, a kuma saita bawul da zafinsu, milimita 0.20 na shiga da 0.30 na fita. Na tambayi farashin sarƙa da robobinta domin in san abin da zan tanada kafin lokacin.